Gidan Da Ke Wucewa Ta Saman Jalingo

A wata unguwa kusa da rafin Mayo-Gwoi a Jalingo akwai wani dattijo, tsohon malamin kimiyya, wanda ya aje aikin gwamnati shekaru da dama da suka wuce, amma har yanzu ba mai kiransa da wani suna sai Malam. Maƙwabta sun san shi da wata ɗabi'a guda. A wasu ranaku na rani, idan aka idar da sallar magariba, ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci kamar sauran dattawa, sai a ga ya yi sauri ya koma gida, ya sa an fito masa da kujerarsa tsakar gida, ya zauna ya ɗaga kai sama. Ba jinjirin wata yake nema ba, ba kuwa Zara ba. Can sai wani haske fari tas ya ɓullo daga kudu maso yamma, yana tafiya a natse, ba ya ƙyaftawa irin ta fitilar jirgin sama, ba ya kuma ƙara. Cikin minti biyar ko shida ya ratsa saman gari ya nufi arewa maso gabas. Wata rana kuwa tun yana tsakiyar sama sai ya dusashe kamar an hure aci-bal-bal. Sa'an nan Malam ya duba agogonsa, ya rubuta wani abu a tsohon littafin rajista, ya ce a mayar da kujera.

Wannan haske gida ne, da mutane a cikinsa, yawanci su bakwai. Shi ne ake kira Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Nauyinta ya haura tan 400, tsawonta mita 109, watau kamar filin ƙwallo, tana kuma kewaya duniya a bisa nisan kilomita 400 ko kusa da haka, nisan da bai kai tafiyar mota daga Jalingo zuwa Abuja ba. Gudunta wajen kilomita 28,000 ne a awa guda, saboda haka cikin awa ɗaya da rabi ta zagaye duniya, mutanen cikinta kuwa suna ganin fitowar rana sau goma sha shida a kwana guda. Ba ta da wata fitila da za a hango daga ƙasa. Abin da Malam ke gani hasken rana ne a jikinta, domin a sa'ad da duhu ya rufe Jalingo, can sama rana ba ta faɗi ba tukuna. Idan ta shiga inuwar duniya, shi ne sai a ga ta mutu farat ɗaya.

Yadda Malam ya shiga wannan sha'ani kuwa, tsoro ne ya kai shi. A cikin 1979 yana saurayin malami a wata makarantar sakandare, Jalingo tana cikin Jihar Gongola, ba a ma yi mafarkin Jihar Taraba ba sai 1991. Damina ta kankama, ana tsakiyar zaɓen da zai mayar da mulki hannun farar hula, an yi na 'yan majalisar dattawa ran 7 ga Yuli, ana jiran na wakilai ran 14. Ana cikin wannan hayaniya sai rediyo ya cika da labarin cewa wani ƙaton ƙarfe na Amurkawa, mai suna Skylab, mai nauyin tan 77, zai faɗo daga sama, kuma masu shi da kansu ba za su iya faɗin inda zai sauka ba. Ga shi kuwa Nijeriya tana cikin ƙasashen da yake bi ta kansu.

To, a unguwar nan wa za a tambaya in ba malamin kimiyya ba? Da yamma sai mutane su taru a ƙofar gidan da yake haya, har da dattawan da suka haife shi, suna cewa, "Malam, a ina abin nan zai faɗo?" Shi kuwa abin da ya sani bai wuce abin da suka ji tare a rediyo ba. Amma ƙuruciya da girman kai irin na sabon malami ba su bar shi ya faɗi haka ba. Sai ya gyara murya ya ce musu su kwantar da hankali, ya yi lissafi, ba zai faɗo a Jalingo ba. Jama'a suka watse suna sa masa albarka. Shi kuma ya shiga ɗaki ya kasa barci, yana ta saurare ko zai ji wani abu a kan kwano. Ran 11 ga Yuli Skylab ya tarwatse, gutsattsarinsa suka zuba cikin Tekun Indiya da yammacin Ostareliya, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Har hukumar wani gari mai suna Esperance ta ci hukumar NASA tarar dala 400 don zubar da shara, tarar da ba a biya ba sai bayan shekara talatin, da masu sauraren wani gidan rediyo a Amurka suka yi karo-karo. Washegari aka yi ta zuwa yi wa Malam barka, wai lissafinsa ya yi daidai. Yakan ce a duk tsawon aikinsa ba ranar da ya ji kunya kamar wannan, domin an yabe shi a kan ƙarya. Daga ranar ya ɗaura niyyar sai ya san abin nan da gaske, ya shiga neman littattafai da mujallu duk inda ya ji labarinsu, ya kuwa gano cewa abin da ya jawo Skylab ƙasa tun kafin lokacin da aka zata, rana ce: ƙarfinta ya ƙaru a shekarun nan, iskar can sama ta kumbura ta riƙa riƙe shi, kumbon da aka yi niyyar aikawa ya tura shi sama kuwa bai tashi ba sai 1981.

Wannan tsohon labari ne, da kuma ba don jikarsa ba da ya tsaya a nan.

Yarinyar 'yar ɗansa na fari ce, tana ajin ƙarshe na sakandare. Tun tana ƙarama ita ke ɗauko masa kujera, yanzu kuma wayarta ce ke gaya musu ranar da tashar za ta wuce da mintin da za ta ɓullo, aikin da Malam ya sha yi da fensir yana kuskurewa. Shi yana ce mata Amarya, bisa wasan jika da kaka, ita kuma tana ce masa Kaka. Wata rana da la'asar sai ga ta da babbar takarda a naɗe. Ta shimfiɗa a gabansa, ta danne kusurwoyi da duwatsu. Zanen tashar sama ne na kanta, ta yi shi da rula da kamfas, tsaf-tsaf: wani babban zobe mai ɗakuna goma, da ɗakin gwaje-gwaje, da wurin salla, da tutar Nijeriya a gefe. A ƙasan takardar ta rubuta cewa daga Jalingo za a harba ta.

Malam ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Wani kakan da sai ya ce madalla, ya ba ta naira ɗari biyar, magana ta ƙare. Amma mutumin da aka taɓa yabo a kan ƙarya ba ya saurin yabo. Ya ce ta miƙo masa jan biro.

"Amarya," in ji shi, "mutum nawa za su zauna?"

Ta ce goma.

"Wa zai kawo musu ruwa? Ko akwai mai ruwa da zai turo kura can?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya sa ta ta yi lissafi a gefen takarda. Ɗan sama jannati guda yana bukatar wajen lita huɗu a rana, na sha da na abinci da ɗan tsabtace jiki. Mutum goma lita arba'in ke nan, jarka biyu. A shekara jarka 730, watau lita 14,600, nauyin da ya haura tan goma sha huɗu, ruwa zalla, ba a zo kan abinci ba. Ya ce mata saboda haka ne masu tashar nan da suke kallo ba su zubar da ko ɗigo. Gumin jikinsu da tururin numfashinsu, har da fitsarinsu, duk na'ura ke tattarawa ta tace su koma ruwan sha, kuma a cikin 2023 aka ba da sanarwar cewa sun kai ga maido da kashi 98 cikin ɗari. Daga ruwan nan kuma ake fasa iskar da suke shaƙa, da wutar lantarki. Yarinya ta yamutsa fuska ta ce ita kam ba za ta sha ba. Ya ce to sai ta rage mutanen, ko ta rage ƙyama.

Daga ruwa ya koma kan zafi, wanda shi ne ya fi daɗewa a kai, don a ganinsa a nan ne mai zane na gaskiya yake bambanta da mai zanen ado. Ya tambaye ta idan watan Maris ya yi, ɗaki ya zama tanda, me suke yi? Ta ce su buɗe taga su kunna fanka in akwai wuta. Ya ce to can babu iskar da za ta kwashe zafi, ga rana tana dukan gefe guda, ga injuna da jikin mutane suna ta ƙara ɗumi a ciki. Zafin ba shi da mafita sai an yi masa. Saboda haka a jikin tashar akwai waɗansu fararen faifai manya, ban da na sola, waɗanda ake bi da ruwan amoniya ta cikin bututunsu ya ɗebo zafi daga ciki ya kai waje ya sake shi. Ya ba ta labarin Skylab ɗin da ya hana shi barci, yadda ranar da aka harba shi, 14 ga Mayu 1973, garkuwar da ke kāre shi daga rana ta yage, fiffiken sola guda ya cire, ɗayan ya maƙale, cikinsa ya yi zafi fiye da digiri 50. Sai da mutum uku suka bi shi bayan kwana goma sha ɗaya, Conrad da Kerwin da Weitz, suka zura wata irin laima ta wata 'yar kafa suka buɗe ta a waje, sa'an nan gidan ya zaunu. Abin miliyoyin daloli, laima ce ta cece shi. Malam yana son wannan labari ƙwarai, ya kuma maimaita shi fiye da yadda jikokinsa ke bukata.

Wuta ba ta ɗauke su lokaci ba, don yarinyar ta girma da sola a kan rufin maƙwabta, ta san rana ke cika batir, batir ya riƙe dare. Bambancin kawai shi ne can dare yana zuwa sau goma sha shida. Ƙofa ma ta gane nan da nan da ya ce mata zaure ne mai ƙyaure biyu, ba a buɗe na waje sai an rufe na ciki.

Sa'an nan ya ɗora yatsa a kan zoben ya ce, "Wannan fa, a wace roka zai shiga?"

Nan ne gizo ke saƙar. Ya bayyana mata cewa hawa sama ba shi ne wahala ba, gudu ne. Mutane suna zaton can babu jan ƙasa, alhali a nisan kilomita 400 jan ƙasa bai ragu ba sai da kamar kashi ɗaya cikin goma. Ya ce ta ɗauka ta hau Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, can wajen Gashaka, ta yi jifa. Dutsen zai faɗi kusa. In ta ƙara ƙarfi ya faɗi nesa. To in da za ta iya jefa shi da gudun kusan kilomita takwas a daƙiƙa guda, kuma babu iskar da za ta tare shi, sai ya riƙa faɗowa ƙasa tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, ba zai taɓa iske ta ba. Tashar nan faɗowa take yi dare da rana, ita da mutanen cikinta, shi ya sa suke shawagi. Kai abu ga wannan gudu kuwa yana cin mai na fitar hankali. Rokar da ta ɗaga Skylab, Saturn V, nauyinta ya kusa tan 3,000, kusan duka mai ne. Don haka ba mai ɗaga gida sukutum. Rashawa, waɗanda su ne suka fara kafa tasha da Salyut 1 ran 19 ga Afrilu 1971, suka kuma yi hasarar mutum uku a hanyar dawowa daga gare ta, su ne suka nuna dabarar da tashar Mir daga 1986: a kai ɗaki guda, a haɗa masa wani, a haɗa wani. Haka aka yi wannan ta yanzu. Ɗakin farko, Zarya, ya tashi daga Baikonur ran 20 ga Nuwamba 1998, na Amurkawa ya bi shi bayan mako biyu, mutane suka tare ran 2 ga Nuwamba 2000, aka ci gaba da ƙari cikin tashi sama da arba'in, har babban ginin ya kammala a 2011. Haka kuma mutanen Sin suka yi tasu, Tiangong, tsakanin 2021 da 2022. Ya ce mata ta dubi gidan da suke zaune: shi ya fara da zaure da ɗaki ɗaya, sauran duk haihuwa ce ta kawo su.

Maganar harbawa daga Jalingo kuwa, ya ba ta rabin maki. Gaskiya ne garin yana kusa da tsakiyar duniya, ƙasa da digiri tara arewa, inda juyawar duniya ke ba roka ƙarin gudu kyauta in an harba ta gabas. Saboda wannan ne Faransawa suke harbawa daga Kourou, Italiyawa kuma suka taɓa harbawa daga gaɓar Malindi a Kenya a 1970. Amma roka tana yar da gangunanta a hanya in mai ya ƙare. Ya tambaye ta me ke gabas da Jalingo. Ta ce Adamawa, sa'an nan Kamaru. Ya ce to su ma suna da malaman kimiyya da ke son barci.

Da ya gama, takardar ta yi ja. Ya ba ta huɗu bisa goma. Yarinyar ta naɗe abinta ba ta ce komai ba, har ya fara zargin kansa ko ya yi tsanani. Bayan mako guda sai ga ta da wata sabuwa: babu zobe, ɗakuna uku a jere kamar gwangwanayen madara, mutum uku, da lissafin ruwa a gefe. A ranar ce kuma ta gaya masa cewa a takardar JAMB tana so ta cika injiniyancin jirage da kumbuna, a makarantar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, amma babanta ya ƙi.

Uban nata ɗan kasuwa ne mai natsuwa, kuma Malam bai taɓa kiran sunansa ba saboda alkunyar ɗan fari. Ya zo da daddare ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, kai ne kake hure mata kunne. Ni so nake ta yi aikin jinya a nan kusa, ta gama ta sami aiki. Wannan karatun in ta gama a ina za ta yi aiki da shi? Mu da wutar lantarki ma ba ta ishe mu ba, ina mu ina gida a sama?"

Duk mai adalci ya san maganar nan ba ta banza ba ce, Malam ma ya sani. Bai ce masa Nijeriya za ta gina tasha ba, don bai ga alama ba, ya kuma yi rantsuwa tun 1979 ba zai sake faɗin abin da bai tabbatar ba. Abin da ya yi shi ne ya jero masa abin da ya faru. Tun farkon zamanin kumbo Amurkawa sun kafa tashar bin sawu a Kano, kuma ran 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn yake kewaya duniya, ya yi magana da Kano, har ya ba da labarin ƙurar da ya hango tana tashi a ƙasa. A watan Agusta 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam Syncom 2, lokacin da abin yake sabo fil a duniya. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. A watan Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, wanda hotunansa suka yi amfani har a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005, shekarar da ambaliya ta karya gadar Nukkai a nan Jalingo ta ci rayuka, abin da ba mai shekaru a garin da ya manta. Tauraron sadarwa na farko, NigComSat-1, ya mutu a 2008 bayan shekara ɗaya da rabi saboda matsalar fiffiken sola, aka maye gurbinsa a 2011. A wannan shekara kuma aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a Ingila. Har wannan gidan da ke wucewa ma da ɗan rabon Nijeriya a ciki, domin a watan Yuli 2017 daga ɗakin Japanawa na tashar aka saki wani ɗan ƙaramin tauraro na Jami'ar Fasaha ta Akure, wanda bai fi a riƙe shi a tafin hannu ba.

Ɗan ya ce duk wannan daga ƙasar wasu aka harba. Malam ya ce haka ne.

Ya ƙara da cewa abin da ya fi ba shi mamaki a tarihin tashar ba injuna ba ne, yadda ta tsira daga takarda ne. Shugaba Reagan ya ba da umarnin gina ta tun 1984, aka yi shekara tara ana zane ana sakewa, kuɗi suna ƙarewa, ba a ɗaga ko ƙusa ba. A watan Yuni 1993 majalisar wakilan Amurka ta jefa ƙuri'a kan a soke ta, ta sha da ƙuri'a ɗaya tak, 216 da 215. Sai da aka jawo Rashawa, abokan gāba na jiya, sa'an nan aiki ya tashi. Mutumin Taraba ba ya bukatar a yi masa bayanin aikin da ya tsufa a takarda, domin madatsar Mambilla, mai megawat 3,050, tun yana saurayi ake zancenta, an sa hannu a kwangila a 2017, ya kuwa tsufa bai ga wutarta ba. A ganin Malam zane ba ya zama gini sai an sami mutanen da suka iya lissafin ruwa da zafi da nauyi, waɗanda kuma ba su faɗin ƙarya a kan lissafin. Ya ce wanda ya koyi wannan, ko bai taɓa ganin roka ba, ba zai rasa abin yi a ƙasar da ke bukatar gada da madatsa da wuta ba. Amma bai ɗauki alkawarin aiki ba, ya kuma ce aikin jinya aiki ne mai daraja, yanke shawara kuwa ta uba ce. A nan wataƙila Malam ya ɗan yi wayo, don ya san ɗansa ba ya iya musu da mutumin da ya sakar masa.

Akwai abin da bai gaya wa ɗan ba, sai jikar. Tashar ta tsufa. A ɓangaren Rashawa akwai wurin da ya yi shekaru yana yoyon iska, kuma bisa shirin da NASA ta bayyana, za a yi aiki da ita zuwa wajen 2030, sa'an nan a jawo ta ƙasa da gangan. A watan Yuni 2024 aka ba kamfanin SpaceX aikin ƙera kumbon da zai ja ta ya jefa cikin teku nesa da mutane, kamar yadda aka yi da Mir a Tekun Fasifik a watan Maris 2001, don kada a maimaita abin da ya faru da Skylab. Malam ya lissafa shekarunsa ya lissafa nata, ya ce bai san wanda zai riga wani sauka ba. Yarinyar ta ce ya daina irin wannan magana. Ya ce to littafin rajistar nan dai nata ne, akwai sauran shafuka.

Kwana uku kafin a rufe cika takardar, wayar ta nuna tashar za ta wuce da ƙarfe bakwai da 'yan mintoci, kuma ta tsakiyar sama. Hazo ya yi sauƙi a ranar. An fito da kujera, yara sun taru, sai ga uban ya shigo daga masallaci, ya tsaya a bakin zaure kamar mai jiran wani abu dabam. Shekara da shekaru yana jin labarin abin nan a gidan, bai taɓa tsayawa ya duba ba. Yarinyar ta nuna da hannu. Hasken ya taso ta bayan bishiyar mangwaro, ya hau, ya bi ta kansu.

Uban ya ce, "Baba, yanzu da mutane a ciki?"

"Da mutane."

"Musulmi ya taɓa shiga?"

Malam ya ce ƙwarai, wani likita ɗan Malesiya ya je a cikin azumin 2007, har malaman ƙasarsu suka rubuta masa yadda zai yi da alƙibla da lokutan salla, wani Balarabe kuma daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a ciki a 2023.

"Kuma ruwan nan da ta ce, shi suke sha?"

"Shi suke sha."

Ya yi shiru yana bin hasken da ido har ya dusashe kafin ya kai kan duwatsu. Sa'an nan ya juya ga 'yarsa ya ce ta kawo masa takardar nan ta biyu ɗakinsa bayan isha'i, da lissafin, yana so ya gani da idonsa. Malam ya karkata agogonsa wajen hasken waya, ya rubuta bakwai da minti goma sha tara, ya ce a mayar da kujera.